Gyambon da Inna Ta Hana Barci

Kututturen auduga ne ya ji wa Inna ciwo a ƙwauri, a shekarar da na cika shekara goma sha takwas ina koyar da ilmin halittu a wata sakandare a garin Hajj Abdalla. An gama tsintar auduga, lokacin tuge karare ya yi, kuma ba wanda ya aike ta. Mun riga mun ɗauki 'yan ƙwadago, an raba musu kammasha, ƙarfen nan mai baki biyu da ake cafke kara da shi a tuge shi har saiwa. Amma hawasharmu, wato gonar da babanmu ya bari a filin noman Jazira, Inna ba ta taɓa yarda wani zai yi aiki a cikinta ba tare da ta tsaya a kansa ba. Ta je ta tsaya, ta ga wani ya karya kara ya bar gindinsa a ƙasa, ta matsa za ta nuna masa yadda ake yi, gindin ya yage mata fata. Yankan bai kai tsawon yatsa ba. Ta yagi bakin mayafinta ta ɗaure, ta ci gaba da faɗanta har azahar.

Ni ban ji labarin ba sai bayan kwana uku, daga bakin matata, kamar yadda nake jin kowane labari na Inna. Ni ne ɗan farinta. A ƙauyenmu na Hausawa, macen da ta san ciwon kanta ba ta kama sunan ɗan fari, ba ta zama tabarma ɗaya da shi, ba ta haɗa ido da shi. Matan yanzu sun watsar da abin, har na ga wadda ke rungume ɗan farinta tana ɗaukar hoto a waya, amma Inna ta tsohon zamani ce. Kakata ta wajen uba ce ta yaye ni ta riƙe ni. Da na yi aure sai matata ta zama bakin Inna. Gida ɗaya muke, rumfar Inna tana kallon ƙofar ɗakina, in tana son magana da ni sai ta ɗaga murya ta ce wa matata, "Ke, ce ma Ustaz ɗinku ruwa ya zo tur'a," alhali ina tsaye taku uku daga inda take. Ban taɓa jin haushin haka ba. Na san wadda take ɓoye mini ƙanzon tuwo kada jikoki su cinye.

Zaman lafiya muke yi a lokacin, kuma ina son wannan zaman. Da sassafe in hau keke in bi gefen tur'a, babbar hanyar ruwan da ta ratsa gonakinmu, in gaisa da masu ba ruwa, in isa makaranta in yi ta fama da samarin da suke gyangyaɗi. Da la'asar in dawo in tarar matata tana soya 'ya'yan gahawa, Inna tana daka citta, a zuba jabana, wato gahawar nan tamu, a ƙananan finjali, ni a ƙarƙashin dalbejiya, su a rumfa. Ba mu da yawa, ba mu kuma rasa ba. Ciwon ƙwaurin tsohuwa bai shiga lissafina ba ko kaɗan. Na sayo man shafawa da bandeji a kantin magani na miƙa wa matata, na ɗauka na sauke nauyi.

Wata biyu suka wuce, ciwon da bai kai yatsa ba ya zama gyambo. Ya yi faɗin bakin finjali, sannan ya wuce nan. Gefensa ja wur, yana tsatsafar da ruwa, ƙafar ta kumbura har takalmi ya daina shiga. Inna ta fara sallah a zaune. Na ce ƙazanta ce, na ce rashin hutu ne, na canza man shafawa sau biyu. Wata Alhamis matata ta tare ni a zaure ta ce, "Gobe Juma'a, ba makaranta. Kada ka koma barci bayan asuba. Ka tsaya bakin ƙofa ka ga abin da Inna ka yi."

Na tsaya na gani. Inna ta ɗora ruwa a wuta ta jefa kanwa da bagaruwa, ta bari ya tafasa. Ta zauna bakin angarib, gadon nan namu na igiya, ta kwance bandejin a hankali. A kan gyambon akwai wata 'yar fata siririya, fara-fara, wadda ta fara rufe gefe tun jiya. Ta ɗauko sabon soso, ta cusa bakin mayafi a baki ta cije, ta shiga dirza. Ta dirje fatar nan tas har jini ya zubo, ta kwarara ruwan zafin a kai, jikinta duk yana rawa. Da ta gama sai ta leƙa ciwon, ta gyaɗa kai irin na wanda ya gama shara ya duba tsakar gida. Ta ce, "Ya farka."

Ina da zuciya, kowa ya sani, ɗalibaina ma sun sa mini suna a kanta. Ranar na karya al'adar shekara arba'in da wani abu, na tsaya a gaban Inna na yi mata magana kai tsaye, da ƙarfi kuma. Na ce wannan ba magani ba ne, fami ne. Na ce ita da kanta take tona ramin da za a binne ƙafarta. Na faɗi abubuwan da ba zan rubuta ba.

Ba ta ko ɗago ba. Ta juya wajen matata ta ce, "Ce mishi, ciwo in shina zafi, shina ja, shina magana, to da rai shike. Wanda yay yi shiru shi aka tsoro. Ba ni barin wanga ya yi kwana."

Na fizgi soson na wurga shi bayan katanga. Soson kuwa a jikin dangarmu yake yaɗo, ko shekara zan yi ina jifa ba zai ƙare ba. Washegari ta tsinko wani.

Yadda matata ta shawo kanta ta yarda ta shiga mota zuwa asibitin birnin Madani, har yau ban sani ba, kuma ba ta gaya mini ba. Muka je mu uku. Likitar mace ce, ba ta kai ni shekaru ba, mai magana a sanyaye. Ta sa aka auna sukari aka tarar lafiya lau, ta lalubi jijiyar bayan ƙafa ta ce tana bugawa da kyau, sannan ta tambayi abin da ake sa wa ciwon. Inna tana jin Larabci kamar kowa a Jazira, da shi take cin kasuwa, amma in ta ga farar riga sai ta kurumce. Ni ne na faɗa, kaina a ƙasa, kanwa da bagaruwa da soso, har da maganarta ta ciwo mai rai, duka. Na jira likitar ta yi dariya ko ta yi faɗa, don in samu mai taya ni.

Sai ta ce, "Hajiya ta faɗi rabin gaskiya."

Ta ja ni gefe ta ce tunda fannina ne za ta yi mini bayani yadda yake. Idan fata ta yage, ƙwayoyin halittar da ke wurin sukan saki waɗansu ƙananan furotin, likitoci suna ce musu sitokin, aikinsu kai saƙo. Su ne ke buɗe hanyoyin jini har wurin ya yi ja, ya yi zafi, ya kumbura. Su ne ke kiran fararen ƙwayoyin jini su zo su cinye datti da ƙwayoyin cuta. Zuwa nan Hajiya ba ta yi kuskure ba, ciwon da bai yi wannan zafin na farko ba, ba zai warke ba. Amma fararen ƙwayoyin nan ba a yi su don su daɗe ba. Kwana ɗaya ko biyu, in sun gama aikinsu, kowace takan kashe kanta cikin tsari. Ta takure, ta karkasa abin da ke cikinta, ta ƙunshe shi a fatarta ba tare da ta zubar da komai ba, sai waɗansu manyan ƙwayoyi su zo su haɗiye ta. Wannan haɗiyewar ce ke sa manyan su canza saƙo, su daina kiran masu faɗa su fara kiran masu gini.

Ta ce matsalar tana zuwa ne idan saƙon kumburi ya ƙi tsayawa, domin a lokacin yana yin abu biyu masu karo da juna. Farar ƙwayar da ya kamata ta mutu, sai ya ce mata ta dakata, ta zauna tana zubar da dafinta a kan naman da ba shi da laifi. Sabuwar ƙwayar fata kuwa da ta fara rarrafowa daga gefe, da mai saƙa nama a ƙarƙashi, yawan saƙon yakan taɓa wani makulli a jikinsu, su kashe kansu tun ba su yi aikin komai ba. Furotin ɗin ɗaya ne. Abin da zai haifar ya danganta da ƙwayar da ta karɓa, da yawan da ya zo, da tsawon lokacin da ya ɗauka yana zuwa. Kowace safiya da soso ya hau ciwon nan, ana sake aika saƙon ranar farko ne. Wata biyu ke nan jikin Hajiya yana ranar farko.

Sannan ta faɗi abin da na fi tsoro. Ƙwauri ba shi da nama, fata ce a kan ƙashi. Idan gyambon ya ci ya kai ƙashi, maganar za ta tashi daga bandeji ta koma ta yanke ƙafa. Ta ce a wanke da ruwan gishiri mai ɗumi-ɗumi, a hankali, a rufe, a ɗaga ƙafar, kada a buɗe sai bayan kwana uku.

A mota ina ta jin kunyar kaina. Shekara goma sha takwas ina koyar da wannan mutuwa mai tsari. Ina ɗaga tafin hannuna a gaban aji in ce yatsun nan a manne suke a cikin mahaifa, ƙwayoyin da ke tsakaninsu ne suka mutu bisa umarni, shi ya sa kuke iya riƙe alƙalami. Ina zana wutsiyar talibambam tana ɓacewa a allo. Ban taɓa haɗa darasin da ƙwaurin da ke tsakar gidana ba.

To amma malami ba ya rasa dabara, ko haka nake gani. Kwana biyu ina shirya bayanin da zai shiga kan Inna, har na samo wanda na yi alfahari da shi. Na zauna ƙarƙashin dalbejiya na ce wa matata ta gaya wa Inna, ai ita ma ta san dokar auduga. In an gama tsinta, mufattishi, jami'in da ke duba gonaki, yakan aiko a tuge karare duka a ƙone, har masu lafiya, kada cuta ta kwana a cikinsu ta kama ta baɗi. Wanda ya ƙi tugewa ya cuci kansa ya cuci maƙwabci. To haka jiki yake, akwai waɗanda dole su tafi in aikinsu ya ƙare, sannan sabo ya fito. Matata ta maimaita kalma bayan kalma, duk da kowa ya san Inna ta ji tun daga bakina.

Inna ta kurɓi jabana ta ce, "Ce mishi wajen tugewar tasu nis samo ciwon. Kuma mufattishi gwamnati tat aje shi. Wa ya aje mufattishi cikin ƙafata?"

Matata ta tuntsire da dariya har ta zubar da gahawa a zane. Ni ban yi dariya ba. Na tashi na hau keke na tafi duba ruwan da ba ranar zuwansa ba ce.

Duk da haka ta bari matata ta wanke ta ɗaure yadda likita ta ce. Kwana huɗu ƙafa tana kan matashi, gida shiru, na fara tafiya ina ɗaga kafaɗa. Rana ta biyar matata ta ce mini ƙullin bandejin ba nata ba ne. Ita a gefe take ƙullawa, wannan a gaba yake, ƙulli biyu irin na ɗaurin itace. Aka kwance, ga ciwo ɗanye sharaf. A bayan randa muka sami soson.

Wannan karon ban yi ihu ba. Na daina magana, wanda a wurina ya fi ihu muni. In dawo makaranta in ci abinci a ɗaki, jabanar la'asar ma na ƙaurace mata. Ina fushi, amma ƙarƙashin fushin tsoro ne. Ina ta ganin Inna da sandar guragu, macen da ba ta taɓa zama ana aiki ba.

Juma'ar da ta zagayo, da hantsi, ina gyaran takardun jarrabawa a ƙarƙashin dalbejiya, su suna tsintar wake a rumfa. Sai na ji Inna ta gyara murya, ta ɗaga ta daidai yadda takan yi in maganar tawa ce. Ta ce wa matata, "Na taɓa ba ki labarin rasuwar uwata?"

Ban san komai game da wannan kakar ba, sai dai cewa ta rasu a garin Suki tun Inna tana yarinya. Na ajiye jan biro.

Ta ce suna Suki lokacin, bakin kogi, uwarta tana tsintar auduga a gonakin mutane. Fartanya ta sare ta a ƙafa. Ƙafar ta kumbura, ta yi kwanaki tana kuka, maƙwabta har sun gaji da zuwa sannu. Sai wata safiya ta tashi ta ce ciwon ya daina. Ta zauna ta sha kunu, ta yi dariya. Aka yi ta hamdala, aka soya waina aka rabar sadaka.

"Ni ka wankin ƙafar," in ji Inna. "Ina 'yar shekara tara. Da nit taɓa ta ran nan, na ji ta da sanyi awa randa. Yatsun sun yi duhu. Na tsunkule ta ba ta ji ba. Kowa na murna, ana rabon waina, sai nij ji kunya in ɓata musu. Ban faɗi ma kowa ba. Kwana huɗu aka yi jana'iza."

Inna ta ci gaba da tsinta, wake yana faɗawa cikin ƙwarya.

Ta ce, "Shi ya yi karatu, na sani. Amma ni na taɓa ciwon da yay yi shiru da hannuna. In wanga ya daina zafi, da mi zan gane ba wancan na ba?"

Na ji tausayinta ya rufe ni, na kuma ji kunya irin wadda ban taɓa ji ba. Kusan wata uku ina ɗaukarta tsohuwa mai taurin kai, ashe kusan shekara sittin take ɗauke da wannan abu ita kaɗai. Wanda maciji ya taɓa sara, ko igiya ya gani sai ya ja baya. Kuma tambayarta tambaya ce ta gaske, irin wadda da ɗalibi ne ya yi ta a aji da na sa an tafa masa. Ni da karatuna ban da amsarta.

Ranar Lahadi na nemi izini a makaranta na koma Madani ni kaɗai. Na jira likitar ta sallami marasa lafiya, na ba ta labarin Suki. Ta saurara har ƙarshe. Ta ce abin da ya kashe kakata wata mutuwar ce daban, ba mai tsari ba. Jini ne ya daina isa ƙafar, ƙwayoyin suka mutu da yunwa, suka fashe, abin cikinsu ya watse, naman ya ruɓe. Jijiyar da ke kai labarin zafi ita ma ta mutu, shi ya sa ciwon ya daina. Shirun warkewa da wannan shirun, a kunnen mara lafiya iri ɗaya ne, amma hannu yana iya raba su. Ta kama babban yatsana na hannu ta matse farcen har ya yi fari, ta saki, muka ga jini ya dawo nan take. Ta ce in yi wa babban yatsan ƙafar Hajiya haka kowace safiya, in ƙirga uku. In taɓa bayan ƙafar in ji ko da ɗumi, in tambaye ta ko tana jin hannuna, in sansana bandejin. Idan ɗaya daga ciki ya saɓa, in kawo ta ranar, kada in jira gobe. Ta ce, "Kada ka ce mata ta daina tsoro. Ka ba ta abin da za ta duba."

Da la'asar na koma mazaunina ƙarƙashin dalbejiya, karo na farko cikin mako guda, na karɓi finjalina. Na faɗa wa matata komai a hankali, ba misali, ba mufattishi. Na ce a gaya wa Inna tambayarta ta kai har wajen likita, likita ta ce tambaya ce mai kyau, ga kuma amsa. Matata ta maimaita. Inna ta ci gaba da jan carbi.

Da safe matata ta durƙusa za ta gwada, Inna ta janye ƙafa. Ta ce, "Ke ba ki yi karatun ba. Ce mishi, shi da yak kawo bidi'arshi, shi zo shi yi abinshi."

Na fito da rigar makaranta a jikina, na tsaya, na rasa ta inda zan fara. Ban tuna ranar da jikina ya taɓa na Inna ba. Tana zaune bakin angarib, ta kau da kai wajen katanga, ta miƙo ƙafar. Na durƙusa. Ƙafa ce ƙarama, ta fi yadda nake zato ƙanƙanta, dunduniya duk faso, da sauran jan lalle a gefe. Na ɗora bayan hannuna, na ji ɗumi. Na ce wa matata ta tambaye ta ko tana jin hannuna. Inna ta ce, "Ce mishi hannunshi kaushi gare shi awa na manomi, ban san alli na haka ba." Na matse farcen ya yi fari, na fara ƙirgawa da Larabci, ta katse ni. Ta ce ba a ƙirga ma jikin mutum awa buhun dawa. Ta ce in saki in ta fara, ta ja bisimilla a bayyane. Kafin ta kai ƙarshenta farcen ya koma ja.

Na ce, "Ya dawo, Inna."

Ta ce wa katanga, "Kwayyis." Wato ya yi kyau.

Ba zan ce daga ranar komai ya tafi sumul ba. A mako na biyu ciwon ya daina zafi gaba ɗaya, ranar sau uku ta sa aka kira ni, har sai da na makara zuwa aji. Bayan haka ƙaiƙayi ya zo, ta yi ta mita tana cewa tururuwa sun shiga bandeji, matata ta ɓoye kowane soso a gidan har muka koma wanka da tsumma. Amma duk bayan kwana uku in aka buɗe, jan gefen yana ja da baya, fatar nan siririya tana ƙara shigowa ciki. Nakan tsaya ina kallonta fiye da yadda ya kamata. Na san a ƙarƙashinta waɗanda suka gama aiki suna tafiya a natse, waɗanda za su gina suna samun fili, ba wanda ya ce su yi sai jikin da kansa. Na fara koyar da wannan darasin dabam da yadda na saba, ba na fara shi da yatsun jariri, ina farawa da tambayar wa ya taɓa jin ciwon da ya ƙi warkewa a gidansu. Hannaye sukan tashi da yawa, masu gyangyaɗi ma sukan farka.

Wata uku da 'yan kwanaki gyambon ya rufe. Ya bar tabo mai sheƙi, ɗan zagaye, wanda Inna take nuna wa mata 'yan uwanta a wurin biki kamar ita ta warkar da kanta. Na ji ta da kunnena tana gaya wa wata maƙwabciya cewa ciwo ba ya son fami, a bar shi ya huta, tana faɗa kamar abin da ta gada kaka da kakanni. Na haɗiye abin da ya zo bakina. Likita ta duba ta ce halas, an gama, ba sai mun dawo ba. Inna ta tsaya da ƙafafunta ta yi sallah, ta koma hawasha ta ci gaba da addabar 'yan ƙwadago.

Yau shekara huɗu ke nan da rufewar ciwon. Gashina ya yi fari, keken ma an canza masa taya sau biyu. Kowace safiya in na fito da jakata, nakan tarar da ita zaune bakin angarib, fuska wajen katanga, ƙafa a miƙe. Ni ban taɓa cewa ya isa ba, ita ma ba ta ce ba. Ran nan matata tana shara ta tsaya ta dafa tsintsiya ta ce, "Inna, ai ƙafar nan ta warke tuni."

Inna ta ce, "Wa yat tambaye ki?"

Na ajiye jakar, na durƙusa na kama yatsan, ta ja bisimilla.